Gwiwa: inda gani bai kori ji ba

Saurayin ya shigo yana ɗingishi, hannu ɗaya a kafaɗar yayansa, ɗayan riƙe da babbar ambulan mai ruwan ƙasa. Ko zama bai yi ba ya miƙo mini ita. "Likita, ga hoton. Sun ce ƙashi lafiya ƙalau, wai targaɗe ne kawai." Na karɓa na ajiye a kan tebur ban buɗe ba. Na ga fuskarsa ta canza, don kuɗi ya kashe kafin ya samu hoton nan. Na ce, "Ƙanena, zauna tukuna. Ba ni labarin ranar da abin ya faru, kada ka tsallake komai."

Wata biyar ke nan, in ji shi. Wasan yamma ne a filin makarantar firamaren unguwarsu. Ya dire ƙafar dama zai juya ya bi ƙwallo, babu wanda ya taɓa shi, sai ya ji wani abu ya ce ɗas a cikin gwiwar, har abokin da ke kusa da shi ya ji. Ya faɗi, wasa ya ƙare masa. Kafin a kira isha'i gwiwar ta kumbura suntum. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ja, aka shafa, aka ɗaure. Bayan sati uku kumburin ya saɓe, zafin ya ragu, ya ɗauka ya warke. Ranar da ya koma fili, juyin farko gwiwar ta saki ya zube. Daga nan ta sake saki sau huɗu, na ƙarshe yana sauka daga a-daidaita-sahu, kuma duk sakin da ta yi sai ta kwana a kumbure.

Tun kafin in ɗora hannu a ƙafarsa na kusa tabbatar da abin da ya tsinke. Aikina gashin ƙashi ne, abin da a asibiti ake ce wa fisiyo, kuma abin da ya fi ɓata mini rai a wannan aiki shi ne yadda mutanenmu suka ɗora dukkan imaninsu a kan hoto. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A gwiwa, ji ne kan gaba: abin da mai ciwon zai faɗa da bakinsa, sannan abin da hannun mai dubawa zai ji. Hoto na zuwa ne daga baya, ya tabbatar ko ya kore. Wani lokacin ma ba a buƙatarsa sam.

Dalilin yana cikin yadda Allah ya gina gaɓar. Gaɓar kwatangwalo tana da gurbi mai zurfi da kan ƙashi ke shiga ya zauna daram, kamar taɓarya a turmi. Gwiwa ba ta samu wannan gata ba. Ƙarshen ƙashin cinya mulmulalle ne, saman ƙashin ƙwauri kuwa kusan a shimfiɗe yake, don haka igiyoyi da tsoka ne ke riƙe da su. Manyan igiyoyin huɗu ne. Biyu suna gefe, ta ciki da ta waje, suna hana gwiwa karkacewa. Biyu suna can tsakiya sun gitta juna: ta gaba, wadda 'yan gidan kallon ƙwallo suka saba jin ana ce mata ACL, tana hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa, ta baya, PCL, tana hana shi komawa baya. A tsakanin ƙasusuwan biyu akwai faya-fayan guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, likitoci na ce musu meniskus, aikinsu irin na gammo ne, su raba nauyi don kada ƙashi ya ci ƙashi. A gaba kuma ga ƙoƙon gwiwa, yana hawa da sauka a cikin wani ɗan kwari, igiya ta ɗaure shi da tsokar cinya daga sama, wata ta ɗaure shi da ƙwauri daga ƙasa.

Cikin duk abin da na lissafa, ƙashi ne kaɗai ke fitowa sosai a hoton da aka ɗauki saurayin nan. Igiya ba ta fitowa, guringuntsi ba ya fitowa. Wanda ya ce masa ƙashi lafiya bai yi ƙarya ba. Kuskuren shi ne da aka fassara "ƙashi lafiya" da "gwiwa lafiya".

Harshenmu ma yana ƙara ruɗa lamarin. Igiyar da ta haɗa ƙashi da ƙashi jijiya muke ce mata. Wadda ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya ce. Hanyar jini jijiya ce, mai kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa ita ma jijiya. Idan mutum ya ce "an ce jijiya ce ta hau", bai gaya mini komai ba tukuna. Haka kalmar targaɗe: ta haɗiye ɗan miƙewar da zai warke cikin kwana goma, ta haɗiye tsinkewar da za ta hana matashi ƙwallo har abada. Shi ya sa nake tambaya dalla-dalla, kamar alƙali na bin shaida.

Farkon abin da nake son ji shi ne yadda ƙafar take a daidai lokacin da abin ya faru, domin kowace igiya da irin ƙarfin da ke tsinka ta. Kusan bakwai cikin goma na masu tsinkewar ACL babu wanda ya buge su. Ƙafa ce ta kafe a ƙasa, jiki ya juya, gwiwa ta faɗa ciki. Ko mutum ya yi tsalle ya dira a kan miƙaƙƙiyar ƙafa. Ko yana gudu ya ci birki kwatsam. Wanda ya kalli wasan Manchester City da Arsenal a watan Satumban 2024 ya ga yadda Rodri ya zube a lokacin bugun kusurwa ba tare da wata mummunar ƙeta ba, bayan wata guda kuma ya hau dandamali a Paris da sandunan dogarawa ya karɓi kyautar Ballon d'Or. Na Virgil van Dijk a watan Oktoban 2020 daban ne, shi karo ya yi da Jordan Pickford, mai tsaron ragar Everton, amma igiyar dai ita ce, kuma sai kakar wasa ta gaba ya dawo. Mata 'yan wasa sun fi maza fuskantar wannan rauni ninki biyu zuwa takwas. Ingila ta je gasar cin kofin duniya ta mata a 2023 babu kyaftin ɗinta Leah Williamson, babu Beth Mead, duk saboda shi.

Idan an bugi gwiwa daga waje ta lanƙwashe ciki, igiyar gefen ciki ce ke shan wahala, kuma alhamdulillahi ita takan warke da kanta cikin makonni idan aka tallafe ta da takalmin gwiwa. Igiyar baya kuwa hanya ce ke cin ta fiye da fili: mutum na zaune gwiwa a lanƙwashe, saman ƙwaurinsa ya daki gaban mota, ko ɗan acaɓa ya faɗi da gwiwa a kan kwalta. Faifan guringuntsi yana yagewa ne idan aka murɗa gwiwa tana lanƙwashe da nauyi a kanta. A jikin dattijo ma tashi daga tsuguno kawai ya isa. Akwai kuma igiyar da ta ɗaure ƙoƙon gwiwa da ƙwauri. Ita ce ta tsinke wa Ronaldo na Brazil a watan Afrilun 2000, 'yan mintoci bayan ya shigo wasan Inter da Lazio. Alamarta ba ta ɓuya: mutum na kwance a ce ya ɗaga ƙafar a miƙe, ya kasa ko da taƙi ɗaya. Wannan aikin tiyata ne, kuma gwargwadon saurin yinta gwargwadon kyan sakamako. Ronaldo ya dawo ya ci ƙwallo takwas a gasar duniya ta 2002.

Tambayar da na fi ba muhimmanci, wadda kuma mutane suka fi mamakin jin ta, ita ce: ƙarfe nawa gwiwar ta kumbura? Kumburin da ya cika gwiwa cikin awa ɗaya zuwa biyu jini ne, jini kuwa ba ya zuba cikin gaɓa sai wani abu mai hanyar jini ya yage. Tun a 1980 likitoci a Amurka suka leƙa cikin irin waɗannan gwiwoyi da na'ura, suka tarar kusan bakwai cikin goma ACL ce ta tsinke, gaba ɗaya ko wani ɓangare. Sauran akwai tsagewar ƙashi da ta shiga cikin gaɓa, akwai gocewar ƙoƙon gwiwa. Kumburin da ya jira sai washegari da safe, ya taru sannu-sannu, ruwan gaɓa ne ya ƙaru saboda fushin da gwiwar ta yi, kuma ya fi nuna faifan guringuntsi, domin gefensa na waje ne kaɗai ke samun jini, cikinsa babu. Wannan rashin jinin ne ma ya sa yagewar da ke can ciki ba ta haɗewa da kanta. Saurayin nan ya ji rauni bayan la'asar, kafin isha'i ta cika. Da an yi masa wannan tambaya ɗaya a ranar farko, da bai yi asarar wata biyar ba.

Sai halin da gwiwar ke nunawa yanzu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an taimaka masa ya bambance kalmomi. "Tana saki" iri biyu ne. Akwai sakin da ke zuwa lokacin juyi, mutum ya ji ƙasusuwan sun zame daga juna. Wannan na igiya ne. Akwai kuma wanda ke zuwa ana tafiya a miƙe ko ana sauka daga bene, zafi ne ya sa tsokar cinya ta yi sanyi na ɗan lokaci. Wannan bai kai na farko tsanani ba. "Tana kullewa" shi ma haka. Idan gwiwa ta maƙale ta ƙi miƙewa gaba ɗaya, kamar an sa dutse a bakin ƙofa, to wani yanki na guringuntsi ne ya naɗe ya shiga tsakani, kuma ba a jan lokaci da shi. Idan tauri ne kawai bayan dogon zama, da an taka sau biyu uku ya sake, wannan wani labari ne. Ƙarar ƙas-ƙas da ba ta zuwa da zafi ko kumburi, wadda ke tayar wa mutane da yawa hankali, galibi ba komai ba ce.

Nakan ce wa mai ciwo ya nuna mini wurin da yatsa ɗaya. Wanda ya ɗora yatsa a kan layin da ƙasusuwan biyu suka haɗu, ta ciki ko ta waje, yana nuna faifan guringuntsi. Wanda ya kasa nunawa da yatsa, ya kife tafin hannu a kan ƙoƙon gwiwa ya ce "nan ne duka", kuma ciwon ya fi tashi a matakala, a tsuguno, ko bayan doguwar tafiya a mota ƙafa a tanƙwashe, ƙoƙon ne ba ya bin kwarinsa daidai. Wannan shi ne ciwon gwiwar da ya fi yawa a matasa, maganinsa ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu. Yaro ɗan shekara 12 zuwa 15 mai yawan ƙwallo da ya nuna wani ƙullutu a saman ƙwauri, ƙasa da ƙoƙo kaɗan, ciwon girma ne da likitoci biyu, Osgood da Schlatter, suka bayyana a 1903. Yana wucewa idan ƙashi ya gama girma, ba ya son tsaga, ba ya son ƙaho.

Bayan labari sai hannu. Kullum da lafiyayyar gwiwa nake farawa, don in san yadda ta wannan mutumin take tun asali, don kuma ya saki jiki. Na sa saurayin ya kwanta, na kalli cinyoyinsa biyu: ta dama ta rame a fili, wata biyar na lallaɓawa sun cinye tsokar. Na shafo ruwan gaɓar daga gefen ciki zuwa sama, na matso daga waje, sai ga ɗan tudu ya dawo. Akwai sauran ruwa. Sannan na ɗan lanƙwasa gwiwar, kamar digiri 20 zuwa 30, na riƙe cinya da hannu ɗaya, na jawo ƙwauri gaba da ɗayan. A ƙafar hagu ƙwaurin ya motsa kaɗan ya tsaya cak, kamar an ja akuya igiyarta ta ƙare. A ta dama ya taho, ya ci gaba da tahowa, babu inda ya tsaya, laushi kawai. Yayansa da ke tsaye ya ce, "Innalillahi, Likita, ni ma na gani." Wannan shi ne gwajin Lachman, sunan wani likitan ƙashi na Filadelfiya, wanda ɗalibinsa Joseph Torg ya bayyana a rubuce a 1976. A hannun wanda ya ƙware, cikin gwiwoyi goma masu tsinkakkiyar ACL yakan kama takwas zuwa tara, ba wutar lantarki, ba na'ura.

Sauran gwaje-gwajen duk hikimarsu ɗaya ce, a tura gwiwa ta fuskar da igiyar ke hanawa a ga ko za ta hana. A tura ta daga waje a ji ko gefen ciki zai buɗe. A lanƙwasa gwiwoyi biyu a kalle su daga gefe, wadda saman ƙwaurinta ya faɗa baya igiyar bayanta ta tafi. Na faifan guringuntsi, irin wanda McMurray na Liverpool ya ƙirƙiro, inda ake lanƙwasa gwiwa a murɗa ƙwauri ana sauraron ƙara da zafi, ba su kai na igiya tabbas ba. Ba na yanke hukunci da ɗayansu shi kaɗai sai ya dace da labarin. Kuma gwiwar da ta ji rauni jiya, tana kumbure tana zafi, ba ta barin a duba ta da kyau. Gaskiyar mai dubawa a nan ita ce ya ce a sa ƙanƙara, a ɗaga ƙafa, a dogara sanda, a dawo bayan sati ɗaya ko biyu a sake dubawa. "Ka dawo" ɗin nan ne ake yawan mantawa, a nan kuma ake asarar gwiwoyi.

To yaushe hoton ƙashi ke da amfani? Cikin masu sabon rauni a gwiwa, waɗanda ƙashinsu ya karye ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wannan ya sa a tsakiyar shekarun 1990 Ian Stiell da abokan aikinsa a birnin Ottawa na Kanada suka fitar da ƙa'ida mai sauƙi: a ɗauki hoto idan mutum ya kai shekara 55, ko ƙoƙon gwiwa shi kaɗai ke zafi in an danna, ko kan siririn ƙashin da ke gefen waje na ƙwauri yana zafi, ko ya kasa lanƙwasa gwiwa zuwa digiri 90, ko ya kasa taku huɗu nan take da kuma a asibiti, ko da ɗingishi ne. Wanda babu ko ɗaya daga cikinsu a jikinsa, da wuya ƙwarai a sami karaya. A ƙasar da mutum ke biyan komai daga aljihunsa, wannan ƙa'ida kuɗin cefane take tsare masa.

Hoton MRI shi ne ke nuna igiya da guringuntsi, amma shi ma yana da nasa tarkon: yana ganin abin da ba ya ciwo. A 2008 an wallafa binciken da aka yi wa mutum 991 a garin Framingham na Amurka, 'yan shekara 50 zuwa 90, waɗanda aka ɗebo ba don suna kuka da gwiwa ba. An sami yagewar faifan guringuntsi birjik, kuma kashi 61 cikin ɗari na masu yagewar ba su ji wani ciwo ko tauri ba a watan da ya gabata. Abin da ya fi wannan girgiza likitoci ya fito daga Finland a 2013: mutum 146 masu irin yagewar da shekaru ke kawowa, aka yi wa wasu tiyatar gaske aka datse guringuntsin, wasu aka sa musu na'urar leƙa gaɓa aka fitar ba a datse komai ba, ba tare da sun san rukunin da suke ba. Bayan shekara ɗaya sauƙin da suka samu ɗaya ne. Saboda haka idan dattijo ya zo mini da takardar MRI hannunsa na rawa don an rubuta "yagewa", nakan ce masa furfura ce ta cikin gwiwa, mu duba mu ga ko ita ce ke damunsa.

Dattawan nan su ne mafi yawan waɗanda nake gani, kuma kusan duk da jimla ɗaya suke fara magana. Wata Hajiya mai shekara sittin da 'yan kai ta zauna a gabana ta ce, "Ɗan nan, zaman tahiya ya gagare ni. A kujera nake salla yanzu." Hawaye ne a idonta, kuma ba na zafin gwiwa ba ne. Tafiya a fili ba ta buƙatar gwiwa ta lanƙwashe fiye da digiri 60 da ɗoriya, zama a kujera kamar 90, amma sujada da tahiya da tsuguno a banɗaki suna neman kusan iyakar lanƙwasuwarta. Shi ya sa a wurinmu salla ce ke fara tona asirin gwiwa, kuma tambayar "yaya ruku'u, yaya sujada, yaya tashi daga raka'a" ta fi kowane ma'auni gaya mini inda ciwon ya kai. Na ce, "Hajiya, da asuba in kin tashi, minti nawa take yi kafin ta sake?" Ta ce kafin ta gama alwala ta sake. Ciwon yana ƙaruwa da zirga-zirga, yana lafawa da hutu, ƙafafun sun fara yin baka.

Wannan shi ne zaizayewar guringuntsi, wanda muke haɗawa da wasu cututtuka mu ce sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, miliyan 365 a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. A Ingila ƙa'idar likitoci ita ce wanda ya kai shekara 45, ciwonsa na tashi da motsi, taurin safiyarsa bai wuce minti 30 ba, ana iya tabbatar masa da cutar ba tare da hoto ba. Taurin da ya wuce awa guda, ya haɗa da gaɓoɓin yatsun hannu biyu, wata cuta ce daban ta garkuwar jiki, tana son gwajin jini da magani na musamman da wuri. Abin da na fi nanata wa Hajiya shi ne zama wuri ɗaya ba ya adana gwiwa, kashe tsokar da ke tallafe ta yake yi. An auna an gani, duk kilo ɗaya da mutum ya rage a jiki yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Na kuma roƙe ta ta daina shan haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla mata a leda a kemis. Irin su diclofenac da ibuprofen in an daɗe ana sha suna huda ciki suna taɓa ƙoda, ballantana in an cusa dexamethasone a ciki, mai kumbura fuska ya tayar da suga da hawan jini.

Duk abin da na faɗa zuwa nan yana ba da lokaci. Akwai waɗanda ba sa bayarwa, kuma ina so ko mutum ya manta komai ya riƙe su. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi rau babu faɗuwa babu bugu, mai ita na zazzaɓi, ko taɓa ta ba ya bari a yi, ƙwayar cuta ce a cikin gaɓa har sai an tabbatar ba ita ba ce. Mugunya na iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Hanyar ganewa ɗaya ce, likita ya zuƙo ruwan da sirinji a kai ɗakin gwaji. A nan ne ma ake bambanta ta da gawut, wato ciwon da taruwar wani irin gishiri a cikin gaɓa ke kawowa, mai kama da ita sak a ido. Yara, masu sikila, masu ciwon suga da waɗanda aka yi wa tsaga ko allura a gwiwa sun fi shiga wannan haɗari. Kumburin da ya yi watanni yana tafiya a hankali tare da rama da gumin dare, a tuna cewa tarin fuka ma yana kama gaɓa.

Sai hatsarin babur ko mota da gwiwa ta goce gaba ɗaya. Sau da yawa takan koma da kanta kafin a isa asibiti, a ga kamar babu komai, alhali babbar jijiyar jinin da ke bi ta bayan gwiwa ta yage. Idan ƙafar ta yi sanyi, ta canza launi, ta mutu, ko ba a jin bugun jini a bayan idon sawu da saman ƙafa, awa shida zuwa takwas ne tsakanin mutum da yanke ƙafa. Ban raina masu ɗori ba. A ƙauyuka da yawa su ne kaɗai ke kusa, kuma mutane sun yarda da su. Amma ɗaure kumburarriyar ƙafa tamau da kara yana tsayar da jini, kuma na ga ƙafar yaro da aka kwance bayan kwana huɗu ta yi baƙi. Gocewar gwiwa irin wannan ba ta asibitin unguwa ba ce ma, ta inda ake da likitocin ƙashi da na jijiyar jini ne, irin asibitin ƙashi na Dala a Kano ko asibitocin koyarwa.

Yaro kuma in yana ɗingishi yana nuna gwiwa, aka duba gwiwar ba a ga komai ba, a juya kwatangwalonsa. Jijiyar ji ɗaya ce ke ratsa wuraren biyu, ciwon ƙugu yakan sauko ya ɓuya a gwiwa, musamman a yaro mai jiki da ke shiga balaga ko mai sikila. Matashin da ciwo ke tashe shi cikin dare, ba ya lafawa da hutu, ga kumburi mai tauri a sama ko ƙasan gwiwa yana ƙaruwa, shi kam a ɗauke shi hoto yau: sankarar ƙashi ta matasa a kewayen gwiwa ta fi fitowa, kuma sau da yawa faɗuwar ƙwallo ake ɗora wa laifi har lokaci ya ƙure. Haka dambubun da ya kumbura ya yi zafi bayan tiyata, haihuwa ko doguwar kwanciya, ba a matsa shi ba a murza shi, don yana iya zama gudan jini.

Daga ƙarshe na buɗe ambulan ɗin saurayin. Ƙashi lafiya, kamar yadda aka gaya masa. Na tura shi wurin likitan ƙashi, a wannan karon MRI na da dalili, domin gwiwar da ta saki sau biyar ana tsoron ta yaga guringuntsi a hanya, kuma kowane saki ƙarin ɓarna ne. Ya tambaye ni ko tiyata dole ce. Na gaya masa abin da aka gani a Sweden, inda aka raba matasa 121 masu sabuwar tsinkewar ACL gida biyu, wasu aka yi musu tiyata da wuri, wasu aka fara da motsa jiki aka bar tiyata sai in ta kama. Bayan shekara biyar kusan rabin rukuni na biyu ba su buƙaci wuƙa ba, kuma sakamakon rukunan biyu bai bambanta ba. Amma na ce masa shi da gwiwarsa ke ta saki, yake kuma son komawa wasan juyi da birki, mai yiwuwa ne ƙwarai a dasa masa sabuwar igiya daga jijiyar jikinsa. In an yi, kada ya taka fili kafin wata tara; wani bincike na Norway da Amurka ya nuna duk wata guda da aka ƙara jira, har zuwa na tara, yana rage haɗarin sabon rauni da kusan rabi.

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. "Wata tara, Likita? Ai gasar unguwa bayan salla ce." Yayansa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ta baɗi ma tana nan." Na naɗe tawul na sa masa a ƙarƙashin gwiwa, na ce ya danna shi ƙasa da ƙarfin cinya ya ƙirga zuwa goma. Ramammiyar tsokar ta yi rawa, ta ɗan taso, ya kai bakwai ta saki. Na ce ya sake.